Ku taimaka mini in fahimci takardun tallafin karatu da jami'o'i uku suka aiko wa 'yata

Baban_Hafsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Bronx, a birnin New York, da iyalina, kuma babbar 'yata, wadda aka haifa a nan, tana kammala sakandare a bana. Jami'o'i uku sun ba ta gurbin karatu, kowace ta aiko da takardar tallafin kuɗin da za ta samu, amma na kwana uku ina jujjuya takardun ban gane wadda ta fi sauƙi ba, domin kowace da yadda ta tsara lissafinta.

Ta farko mai zaman kanta ce a wata jiha. Ta rubuta cewa kuɗin shekara gaba ɗaya dala 82,000 ne. A ƙarƙashinsa ta jera tallafin jami'a 49,000, Pell (tallafin gwamnatin tarayya) 5,000, Direct Subsidized 3,500, Direct Unsubsidized 2,000, Work-Study 2,500, da Parent PLUS 20,000, sannan a ƙarshen shafin ta nuna cewa abin da ya rage mana mu biya sifili ne. Ta biyu ita ma mai zaman kanta ce a wajen New York. Ta ce kuɗin karatu da ɗaki da abinci 61,000 ne, ta ba ta kyautar ƙwazo ta 32,000, da Pell 5,000, da rance 5,500, saura 18,500. Ta uku ɗaya ce daga kwalejojin CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York, inda Pell da TAP (tallafin jihar New York) ta dala 2,500 suka isa biyan kuɗin karatun duka, kuma daga gida za ta riƙa zuwa.

Yarinyar ta ƙwallafa rai a kan ta farko, tana cewa ai kyauta za ta yi karatu. Ni kuma zuciyata ba ta natsu da wannan sifilin ba. Ana son mu ba da kafin alƙalami kafin ranar 1 ga Mayu. Wanda ya san kan wannan al'amari ya taimaka mini.

Hajiya_Rakiya_Maryland

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Rashin natsuwar da ka ji yana da dalili, domin wannan sifilin ba gaskiyar lissafi ba ne. Na bi ta wannan hanya da 'ya'ya biyu, kuma abin da na koya shi ne mutum ya ɗauki biro da takarda ya raba abin da ke cikin kowace wasiƙa gida uku: kuɗin da ba a mayarwa, kuɗin da ake mayarwa, da kuɗin da sai an yi aiki kafin a same shi. Na farkon ne kaɗai ake cirewa daga kuɗin shekara.

A jami'a ta farko, abin da aka ba ku kyauta shi ne 49,000 da 5,000, wato 54,000. Idan ka cire shi daga 82,000, saura 28,000, kuma wannan ne nauyin da ke kan iyalinka a shekara guda. Sauran abubuwan da aka jera, duk da an sa su a layi ɗaya da kyautar, hanyoyi ne kawai da jami'ar ke nuna muku na biyan wannan 28,000 ɗin. Direct Subsidized da Direct Unsubsidized bashi ne a kan yarinya. Parent PLUS bashi ne a kanka, da sunanka da sa hannunka, kuma dokar gwamnatin tarayya ba ta ba ka damar mayar da shi kan 'yarka ba ko da ta gama ta samu aiki.

Malam_Sanusi_Houston

Ina goyon bayan Hajiya, kuma zan ƙara magana a kan Work-Study, domin mutanenmu da yawa suna ɗaukarsa kamar kuɗin da aka riga aka zuba a asusun makaranta. Ba haka ba ne. Izini ne a ba ɗalibi aiki a ɗakin karatu ko wani ofishi, a biya shi albashi gwargwadon awoyin da ya yi har ya kai adadin da aka rubuta. Sai yarinyar ta nemi aikin da kanta, kuma idan ba ta samu ba, ko karatu ya hana ta cika awoyin, kuɗin ba za su zo ba. Ranar da makaranta za ta aiko da takardar biyan kuɗin zangon farko a watan Yuli ko Agusta, ko dala ɗaya daga cikin 2,500 ɗin nan ba ta shigo hannunku ba tukuna.

Umma_Zinariya

Alhaji, ka duba takarda ta biyu da kyau. Ka ce 61,000 ɗin kuɗin karatu ne da ɗaki da abinci. Ina littattafai, ina kuɗin mota ko jirgi idan za ta dawo hutu, ina kayan sanyi da sauran buƙatun yau da kullum? Ta farko ta sa waɗannan a cikin 82,000 ɗinta, ta biyu ba ta sa ba, saboda haka ba mudu ɗaya aka auna muku da shi ba. Ka shiga shafin jami'ar ka nemi cikakken ƙiyasin kuɗin shekara da take wallafawa, ka yi lissafi da shi.

Baban_Hafsa

Na gode ƙwarai, Hajiya, Malam da Umma. Na duba shafin jami'a ta biyu kamar yadda Umma ta ce, na ga cikakken kuɗin 65,500 ne. Na cire kyautar ƙwazo da Pell, wato 37,000, sai na samu 28,500. Ashe wadda ta rubuta mana sifili da wadda ta rubuta 18,500 kusan kuɗinsu ɗaya ne. Wannan ya girgiza ni, domin da ban yi tambaya ba, da na sa hannu a kan bashin da ban san na ci ba.

Dakta_Bello_A2

Ba kai kaɗai ba ne, Alhaji, kuma ba ƙarancin ilimi ne ya jawo ruɗanin ba. A ƙarshen shekarar 2022, ofishin GAO, wanda ke bincike a madadin majalisar dokokin Amurka, ya fitar da rahoto da ya ƙiyasta cewa kashi 91 cikin ɗari na kwalejoji ko dai ba sa rubuta ainihin kuɗin da iyali za su biya a cikin irin waɗannan takardu, ko kuma suna rubuta shi ƙasa da yadda yake. Kafin wannan, a 2018, ƙungiyoyin New America da uAspire sun bincika takardun tallafi na ɗaruruwan kwalejoji, suka tarar an kira rancen Unsubsidized da sunaye 136 daban-daban, kuma 24 daga cikinsu babu ma kalmar bashi a jikinsu. Ma'aikatar ilimi ta tarayya tana da wani fom na bai-ɗaya mai suna College Financing Plan, amma ba a wajabta wa kowace makaranta amfani da shi ga kowane ɗalibi ba. Kana iya tambayar ofishin tallafi na jami'o'in biyu ko za su ba ka lissafinsu a kan wannan fom, domin kwatantawa ta yi maka sauƙi.

Akwai kuma abin da ban ga wani ya ambata ba. Duk lissafin da muka yi na shekara ɗaya ne, alhali digiri shekara huɗu ne idan komai ya tafi daidai. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙayyade Parent PLUS ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026: dala 20,000 a shekara a kan kowane ɗa, kuma jimillar ba za ta wuce 65,000 ba. Idan jami'a ta farko ta gina lissafinta a kan cewa za ka ci 20,000 duk shekara, a shekara ta huɗu 5,000 kawai za ta rage maka, kuma a lokacin kuɗin makarantar ya ƙaru. Kuɗin ruwan wannan rance a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 kashi 8.94 ne cikin ɗari, wato 20,000 na farko kaɗai za su riƙa haifar da kusan dala 1,788 a shekara, kuma ruwan yana fara hawa tun ranar da aka fitar da kuɗin. Ban da wannan, ana zaftare sama da kashi 4 cikin ɗari tun kafin kuɗin su isa makaranta.

Abu_Maryam_Kumasi

'Yan'uwa, ku gafarce ni, amma ina ganin muna ta lissafin kuɗin ruwa kamar abu ne da babu wata magana a kansa. Mu Musulmi ne, kuma riba ba ƙaramin al'amari ba ne. A ganina, duk layin da ke ɗauke da bashi mai ruwa a cikin takardun nan, Alhaji ya soke shi tun farko, sannan ya duba abin da ya rage. Idan aka yi haka, CUNY ce kawai ta saura.

Malam_Sanusi_Houston

Malam Abu Maryam, maganarka tana kan hanya, kuma babu wanda ya raina ta. Sai dai rancen ba iri ɗaya ba ne. A Direct Subsidized, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin ruwan muddin ɗalibi yana karatu aƙalla rabin lokaci, da kuma wata shida bayan ya gama. Wanda ya biya uwar kuɗin kafin wa'adin nan ya cika bai biya ruwa ba, sai ɗan cajin da ake cirewa tun farko, wanda ya ɗan haura kashi 1 cikin ɗari. Na ji malaman da suka sassauta a wannan yanayi saboda buƙata, na kuma ji waɗanda suka ce sa hannu a kan yarjejeniyar da ke da sharaɗin ruwa shi kansa bai halatta ba. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, don haka Alhaji ya kai takardar gaban malamin da ya yarda da iliminsa, ya bayyana masa yadda rancen yake dalla-dalla. Unsubsidized da PLUS kuwa babu wannan sassaucin, ruwansu yana hawa tun daga farko.

Akwai hanyoyin da ba su da ruwa. Yawancin jami'o'i suna barin iyali su raba kuɗin zango su biya wata-wata, da ɗan kuɗin rajista. Akwai kuma ƙungiyar A Continuous Charity da ke ba ɗalibai Musulmi a Amurka rance marar ruwa, ko da yake sai an nema kuma ba kowa ke samu ba. Mu a nan wasu iyaye suna tsara adashinsu yadda ɗaukarsu za ta faɗo a Agusta ko Janairu.

Hajiya_Rakiya_Maryland

Ina so in dawo da mu kan takarda ta biyu, domin a irinta ne iyalina suka sha wahala. Ɗana na fari ya samu kyautar ƙwazo mai tsoka daga wata jami'a, muka yi murna, ba mu karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa ba. Sharaɗin shi ne matsakaicin makinsa kada ya sauka ƙasa da 3.3 cikin 4.0. Injiniya yake karantawa, kuma a shekarar farko darussan lissafi da kimiyya suka yi masa nauyi, ya gama da 3.0. Wannan maki ne mai kyau a sashensa, amma aka janye kyautar. Dole ya dawo gida ya yi shekara a kwalejin unguwa kafin ya sake samun wata makarantar, kuma ba duk darussan da ya ci aka karɓa masa ba. Har yau idan na tuna ranar da ya kira ni yana gaya mini, sai in ji nauyi a ƙirjina.

Saboda haka, Alhaji, ka rubuta wa jami'a ta biyu ka tambaye su makin da ake buƙata don a sabunta kyautar, ko ana ba da zango guda na gyara idan an gaza, da kuma ko adadin yana ƙaruwa idan kuɗin makaranta ya ƙaru. A mafi yawan lokuta ba ya ƙaruwa, 32,000 ɗin nan haka za ta tsaya har shekara ta huɗu. Ita ma ta farko ka tambaye ta ko 49,000 ɗin za ta ci gaba idan samun iyali bai canza ba, domin akwai makarantun da ke buɗe hannu a shekarar farko su rage daga baya. Ka sa su ba ka amsa a rubuce, kada ka tsaya a kan magana ta waya.

Ɗan_Fagge

Salamu alaikum. Ni daga Kano nake bibiyar wannan tattaunawa. Ƙanena ma yana neman gurbi a Amurka. Shin wannan Pell da rancen gwamnati da kuke magana a kai, shi ma zai iya samu?

Dakta_Bello_A2

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A'a, ba zai samu ba. Fom ɗin FAFSA, wanda ake cikewa don neman tallafin gwamnatin tarayya, da duk abin da ke fitowa ta hanyarsa na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da wasu rukunoni kaɗan kamar 'yan gudun hijira. Ɗalibin da zai zo da bizar ɗalibai ta F-1 ya dogara ne kacokan da kuɗin ita jami'ar, kuma yawancin masu ba da irin wannan tallafi suna neman fom ɗin CSS Profile ko nasu na cikin gida. Makarantu kaɗan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, ke ɗaukar ɗalibin waje ba tare da duba ƙarfin aljihunsa ba sannan su cike duk buƙatar da suka tantance. Kafin a ba shi takardar I-20, wadda makaranta ke bayarwa don neman biza, sai ya nuna shaidar kuɗin da za su rufe giɓin shekarar farko, kuma aikin da aka yarda ya yi a harabar makaranta ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu. Ɓangaren tallafin da ya shafi ɗaki da abinci ana ɗaukarsa abin biyan haraji, kuma akan cire kashi 14 cikin ɗari daga na ɗaliban ƙasashen da ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, Najeriya na cikinsu. Gwamnatin Amurka ta kuma tsaurara dokokin biza ga 'yan wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, don haka ya fara tabbatar da matsayin bizar ɗalibai a ofishin jakadanci kafin ya kashe ko kwabo.

Zulai_RN

Ni ina da ra'ayi daban da waɗanda suka riga suka tura yarinyar CUNY. Ba ina kushe ta ba ne, a can na yi karatun jinya kuma ina alfahari da ita. Kuɗin karatun ɗan jiha a manyan kwalejojinta dala 6,930 ne a shekara, wanda samun irinsa a Amurka sai an tona. Amma zama a gida ma yana da kuɗinsa, kawai dai ba a aiko da takardarsa. Za ta ci abinci, za ta hau jirgin ƙasa kullum, za ta sayi littattafai da kwamfuta. Sannan ni na san abin da ake nufi da zama babbar 'ya a gidan Bahaushe: ana cikin jarrabawa za a ce ki ɗora tukunya, ki kai ƙanne asibiti, ki fassara wa baƙo takarda. Sai da na yi shekara shida kafin in gama digirin shekara huɗu. Idan za ta zauna a gida, Alhaji, sai kai da mahaifiyarta ku yi shawara ku ɗauke mata wasu ayyukan, ku ba ta wuri da lokacin karatu.

Kuma a duba abin da take son karantawa. A shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi ana ganin adadin ɗaliban da ke kammalawa a kowace makaranta, da yawan bashin da suke fita da shi, da abin da suke samu bayan sun fara aiki a fannoni daban-daban.

Abu_Maryam_Kumasi

Na yarda da Zulai a kan nauyin da muke ɗora wa manyan 'ya'yanmu mata, kuma gyara ne da ya kamata mu karɓa. Amma wannan matsala ce da iyaye za su iya magancewa a cikin gida ba tare da sun ci bashin dala dubu sittin ba. Ina nan a kan bakana.

Umma_Zinariya

Tun da Zulai ta kawo batun jiha, a lura cewa TAP ba ta bin ɗalibi zuwa wajen New York, shi ya sa ba ta fito a takardu biyun farko ba. Ita kuma kyautar Excelsior ta jihar New York, wadda ake ba iyalan da samunsu bai wuce dala 125,000 ba, cikon abin da ya rage na kuɗin karatu kawai take yi bayan Pell da TAP, kuma tana da sharaɗin mai karɓa ya zauna a jihar bayan ya gama na tsawon shekarun da ya amfana, in ba haka ba ta koma bashi.

Malam_Sanusi_Houston

Alhaji, wata tambaya. FAFSA ta shekarar karatu ta 2026 zuwa 2027 da kuɗin shigar 2024 aka cika ta. Shin samunka na yanzu daidai yake da na wancan lokacin?

Baban_Hafsa

Ba daidai yake ba, Malam. Tuƙi nake yi, kuma a bara na yi jinyar baya ta kusan wata huɗu, samuna ya ragu sosai. Ga kuma mahaifiyata da ke gida, wadda ni nake aika mata kuɗin magani da na abinci duk wata. Ban ga inda aka tambayi wannan a fom ɗin ba, shi ya sa ban ambata ba.

Malam_Sanusi_Houston

To, a nan akwai ƙofa. Dokar tarayya ta ba jami'an ofishin tallafi ikon sake duba lissafin iyali idan yanayinsu ya canza, kuma raguwar samu da kuɗin jinya suna cikin dalilan da aka fi karɓa. Ka rubuta wa kowace jami'a gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, ka haɗa da takardar harajin 2025, da takardun asibiti, da rasit ɗin kuɗin da kake aikawa gida. Batun ɗaukar nauyin iyaye a wata ƙasa ba kowace makaranta ke la'akari da shi ba, amma masu zaman kansu da ke raba kuɗinsu na kansu sukan saurara, musamman idan akwai shaidar watanni da yawa a jere. Idan an rage lambar SAI ta yarinyar, wato lambar da FAFSA ke fitarwa don auna ƙarfin aljihun iyali, Pell ɗinta ma tana iya ƙaruwa, domin mafi girmanta a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ce, ku kuma 5,000 aka ba ku. Wannan ƙarin zai bi ta duk makarantar da ta yi gyaran, har da CUNY, don haka ita ma ka aika mata. Ka faɗi adadin da za ka iya biya a shekara da gaskiya, kada ka ce kawai a taimaka.

Hajiya_Rakiya_Maryland

Haka ne, kuma kada kunya ta hana ka, Alhaji, domin aikinsu ke nan. Idan 1 ga Mayu ta matso ba su amsa ba, ka roƙi ƙarin kwanaki a rubuce. Sannan idan yarinyar ta samu wata kyauta daga masallaci ko wata ƙungiya, ka tambayi jami'ar ko za ta rage bashin ne da ita ko tallafinta za ta rage. Wasu makarantun nasu tallafin suke ragewa, iyali su tashi babu ribar komai. A nan Maryland an taƙaita wannan a jami'o'in gwamnati tun 2017, amma ba kowace jiha ke da irin dokar ba. Ka kuma duba ko an sa inshorar lafiya a cikin kuɗin, da ko wadda kuke da ita a New York za ta yi aiki a waccan jihar, domin idan ba ta yi ba, sai kun sayi ta makarantar.

Baban_Hafsa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da dare na zaunar da yarinyar da mahaifiyarta, muka rubuta lissafin shekara huɗu a takarda ɗaya. Da ta ga cewa 28,000 sau huɗu 112,000 ne tun kafin a yi maganar ƙarin kuɗin makaranta, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ba ta so in ci bashi saboda ita. Ni kuma ban so ta haƙura da burinta tun ba mu gwada ba. Mun tura wasiƙar neman sake dubawa ga makarantu ukun da safiyar yau, na gaya wa biyun farko cewa iyakar abin da zan iya shi ne dala 9,000 a shekara ba tare da PLUS ba. Jami'a ta biyu ta riga ta amsa tambayar Hajiya: sharaɗin makin 3.2 ne, kuma adadin kyautar ba ya ƙaruwa. Batun Subsidized zan kai shi gaban limaminmu ranar Juma'a.

Zulai_RN

Allah ya sa a dace, Alhaji. Idan ta farko ta amsa, ka kawo mana sabuwar takardar mu sake dubawa tare, musamman mu ga ko ƙarin da suka yi kyauta ce ko wani rancen ne aka canza wa suna. Ban kuma ji ka faɗi fannin da take son karantawa ba, kuma ni a wurina amsar tana iya canzawa idan jinya ce ko injiniya.